Kukan Nafi'u a Bayan Duwatsu

Kun tare ni a bencin Ɗanjuma mai shayi,
kuna tambayar Turai, benaye nawa na ƙirga.
Ku gyara zama. Ni ba can aka kai ni ba.
Daga Shika aka tura ni duba awaki,
wata uku a ƙuryar Sifaniya, nesa da teku,
inda hanya ke naɗewa kamar gammo,
mota na hawa tana haki.

Ku ɗauki Kufena ku aza mata wata Kufena,
ku ƙara goma a kai,
sannan ku kwashe mutanen.
To nan ne.

Gida saba'in a garin, shida ke hayaƙi.
Mutum tara. Na ƙirga da yatsu, ɗaya ya yi saura.
Autansu ya ba sittin baya.
Makaranta a kulle, na leƙa ta taga,
ga lissafi a allo, ba a kai ga amsa ba.
Wani gida ɓaure ya tsiro a tsakar ɗaki
ya miƙo hannu waje kamar mai gaisuwa.

Ni da kunnena ya girma a Kwangila,
cikin hon da ashar ɗin kwandasta,
daren farko shiru ya hana ni barci.
Har zuciyata nake ji tana daka.

Balbina ce ta sauke ni.
Tamanin da ɗaya, baƙin gyale, sanda,
awaki goma sha huɗu, kowace da suna,
sunayen waɗanda suka tafi birni ba su dawo ba.
Da yamma in tana kiran su daga tsauni
sai ka ce gari ne ke komowa gida.
Ba ta jin nawa, ba na jin nata,
sai burodi, sai ruwa, sai gobe.
Ta ga ban taɓa naman da ta rataye ba,
ba ta ce komai ba, ta jiƙa wake.

Waya ba ta kamawa sai kan wani falalen dutse
bayan majami'arsu. Can nake hawa.
Ran nan saƙon murya ya shigo daga Barira:
an ɗauke wuta, gas ya ƙare, mai gida ya aiko,
a bayanta kuwa Nafi'u na tsala ihu
kamar ana yanka shi.
Kunya ta kama ni, na kai yatsa zan rage.

Tsohuwa ta riƙe min wuyan hannu.
Ta ɗaga yatsa ɗaya: sake.
Na sake. Ta ce a sake.
Ta ƙwala wa Anselmo kira, ya taho da ɗingishi,
wasu biyu suka biyo shi,
suka kewaye wayar kamar masu jin ɗumi.
Babu mai jin abin da Barira ke faɗa.
Ba ita suke saurare ba.
Da alli Anselmo ya rubuta min a dutse: talatin da huɗu.
Rabon garin da haihuwa ke nan.

Yau kwana ashirin da dawowata Tudun Jukun.
Da, in Nafi'u ya tashi ƙarfe biyun dare,
filo nake ɗauka in koma falo ina tsaki.
Yanzu waya nake laluba in kara masa.
Barira ta ce, "Malam, lafiya kuwa?"
Na ce lafiya, tsaraba ce nake haɗawa.

Na tura wa Anselmo guda biyar.
Uku an buɗe. Biyu suna nan,
yau kwana tara.
Ƙila ƙanƙara ce ta rufe hanyar dutsen.
Ƙila ƙafar ce ta motsa masa.
Ƙila ta ukun ba na son faɗa.

Ɗanjuma, ƙaro ruwan zafi.
Kai kuma Sale, sauke wannan takalmin,
yaran nan da ke ihu a bakin kwata,
ƙyale su.