Littafin Sa Hannu

Ni ke riƙe da littafin sa hannu,
mai koren bango, wanda gara ta ɗanɗani gefensa.
Duk mai son tarihin taron nan
sai in buɗe masa, in ja bakina in yi shiru.

Shafin farko, mutum goma sha ɗaya.
Ɗaki a Tudun Wadan Gombe, fanka tana kuka.
Farfesa Bappayo ya karanta takarda kan muryar talaka
da Turancin da sai an tauna kafin a haɗiye.
Aka tafa, aka ci shinkafa.
Talakan yana waje, yana gadin motoci.

Shekara ta biyu aka zo da majigi.
Matan Kwadon suka cika bango da tulunansu,
babu sunan ko ɗaya,
sai lamba a ƙarƙashin kowace fuska.

Juya nan, shafi na uku.
Ka ga wannan shuɗin babban yatsa?
Innawuro ce, daga Dadin Kowa.
Tumatir ta kawo kasuwa, ta ji sanarwa a rediyo,
ta shigo da kwandonta, ba wanda ya gayyace ta.
Ta ce: “Bara kun zo da akwatin ɗaukar magana.
Kun tambaye mu sauro, kun tambaye mu ruwa,
muka ba ku amsa, muka haɗa da kunun gyaɗa.
Ina kuka kai ta?
Ko tukunya aka ara, ai ana mayarwa,
ko da ƙanzo a gindinta.”

Fanka ce kaɗai ta yi magana.
Dakta Lamela ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa,
sannan ya ce: “Baba, tana cikin mujalla a ƙetare.
Mu ma sai mun biya muke karantawa.”

Shafi na huɗu fari ne fat.
Shekarar gardama ce.
Wasu suka ce ilimi ba hira ba ne,
masu ba da kuɗi suka naɗe tabarmarsu,
Farfesa da Dakta suka yi wata bakwai
ba sa haɗa hanya ko a wurin biyan albashi.

Na biyar, duba yadda laima ta kumbura takardar.
Bakin madatsar ruwa muka yi shi, gindin mangwaro,
ba babban teburi, ba ruwan gora.
Magana ta fita da Hausa, ta ratsa Fulatanci,
ta sauka da Teranci, ta dawo da ƙarin nauyi.
Wani ɗalibi ya ce kwale-kwale arba’in ne a gaɓar.
Gidado masunci ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
“Yaro, ranar kasuwa ka ƙirga.
Rabinsu na baƙi ne.”
Yaron ya soke lambar a gaban kowa,
hannunsa na rawa.
Da takardar ta fito, suna biyu ne a samanta.

Kada ka ɗauka zuma ce zalla.
Akwai shekarar da aka raba ambulan,
sunaye ɗari uku, kunnuwa ba su kai talatin ba.
Akwai wadda ruwa ya cinye gonaki,
muka ajiye takardu, muka ɗauki buhunan yashi.

Innawuro ta rasu bayan na takwas.
Farfesa ya yi ritaya, amma yana zuwa,
ya zauna a baya, ya miƙe ƙafar da ke ciwo,
yana rubuta abin da manoma ke faɗa.

Bana wata yarinya ta karɓi biro.
Ta rubuta sunanta, Dijatu, da hannu mai kyau,
ta tsaya a gurbin da aka ce ma’aikata.
Na ce, sa inda kika fito.
Ta sa: rumfar tumatir ta uku, bakin kwalbati.

Shafi biyu suka rage.
Tawadar dangwale ta bushe tun bara,
amma ina ɗiga mata ruwa kowace safiyar taro,
don har yanzu akwai masu zuwa da yatsa.