Ɓera Mai Lamba Tara

Ni ke share ɗakin gwaji a Naraguta,
hawa na biyu, ƙofar da ba ta buɗuwa sai da kafaɗa.
Ƙarfe shida nake shiga da tsintsiya da bokiti,
sanyin Jos na cizon yatsuna ta cikin safa,
in tarar Malama Kaneng ta riga ni,
agogo a tafinta, shayinta ya huce bai san ta ba.

Akwati goma sha biyu, ɓeraye farare.
Na tara shi ne nawa, kunnensa ɗaya a tsage.
Fitila ta kama. Ya danna ƙarfe. Shiru.
Ya danna, ya danna, ya ciji ƙarfen don haushi,
sai daƙiƙa talatin ta cika
ƙwayar abinci ta faɗo, ƙwal.

Makon farko bugu yake kamar mai bin bashi.
Mako na uku, fitila ta kama,
ya zauna ya wanke fuska da hannu biyu,
ya sosa ƙeya, ya shinshina lungu,
can wajen ashirin da biyar ya miƙe a tsanake
kamar mahaucin da ya san naman bai nuna ba tukuna.

Na ce, Malama, wa ya saya masa agogo?
Ta ce, Inna Lantana, shekara huɗu ke nan ina tambayarsa.
Wasu sun ce wani abu ke ɗiga a kansa
kamar randa mai tsaguwa, shi kuma yana tara ɗigon.
Ta kunna masa ƙara: in gajere ne ya nufi hagu,
in dogo ne ya nufi dama.
Ran da ta ba shi tsaka-tsaki
ya tsaya cak, gashin bakinsa na rawa,
har tausayi ya sa na daina shara.

Ban faɗa mata ba.
Barau, mai gyaran rediyo a Taminus,
yakan danna hon ɗin basfarsa sau biyu a kwanar Unguwar Rogo,
ya tsaya gaisawa da mai shago, ya saya wa yara rake.
Tsakanin hon da sallamarsa
tafasar buta guda ce, ba ƙari.
Shekara ashirin da shida ban taɓa duba bango ba.

Damina uku ke nan da muka kai shi.
Jiya wani ya danna sau biyu a kwanar,
ban san sa'ad da na ɗora buta ba.
Ruwa na fara kuka, wuyana ya juya da kansa.
Labule ne kawai, da iska.

Bayan Ista Malama ta ɗauke abincin,
wai tana so ta ga yadda ake mantuwa.
Talatin na cika ya bugi ƙarfen da dukan ƙarfinsa,
arba'in ya sassauta, hamsin ya koma lungu.
Kwana tara ya daina tashi.
Ta rubuta a littafinta: ya bari.

Sai yajin aiki ya zo, wata biyu fitila a kashe,
ni kaɗai ke zuwa in canja musu ruwa.
Ran da aka dawo, ta kunna.
Ya kwanta kamar bai gani ba.
Ina ƙirgawa a zuci, tsintsiya a hammata:
ashirin da takwas, ashirin da tara,
ya tashi, ya je, ya ɗora hannu. Sau ɗaya.

Malama ta ce, kin gani? Ba gogewa yake ba, kwanciya yake.
Ta fita amsa waya.

Akwai ƙullin gyaɗa a haɓar zanena.
Na san an hana. Na san zai ɓata mata lissafi.
Allah ya yafe mini, Malama,
fitilar ta sake kamawa,
na jira talatin ta cika.