Awa Talatin da Ɗaya

Takardar na manne a bangon ɗakinmu a Nima,
kusa da kalandar mai facin taya.
Shekara huɗu, in ji ta.
Da safe labarin ƙasa: taswira, duwatsu, halin girgije.
Da yamma tuƙin jirgi, in iska ta yarda.
Awa ɗari biyu a sama kafin a ba ki hula.
Ni Humu ina da talatin da ɗaya,
kuma kowace na san abin da ta ci.

Ta farko ta ci awarwaron Inna.
Daga ta tara zuwa ta ashirin
sun cinye filin Kasowa
da Baba ya shekara goma yana kai wa bulo,
ɗaya yau, biyu jibi.

Baba direban motar haya ne,
Nima zuwa Madina, Madina zuwa Nima.
Ya ɗaga littafina sama, ya juya shi ƙasa,
ya ce, "To, sama akwai kwana ne?
Akwai rami? Akwai ɗan sanda?
Me ya haɗa mai tashi da karatun ƙasa?"

Na ce, Baba, wanda ya tashi zai sauka.
Malamarmu ta ce dutse ba ya matsa wa baƙo.
Waɗannan layukan da suka cunkushe wuri guda
kamar fasinja ranar Litinin,
tudun Aburi ne.
In hazo ya rufe shi, yana nan.
Sai ki san shi tun a takarda,
don ranar da za ku haɗu ba gaisuwa.

Ya yi dariya. Ya ce, "Ashe yaron mota kike koyo."

Na haddace sunan girgije goma
da harshen da ba wanda ke yi a kasuwa.
Na faɗi lissafin iska sau ɗaya,
na yi kuka a bayan ɗakin karatu,
na goge fuska da kwafin taswirar Bolta,
kogin ya bar min shuɗi a kunci.

Ranar da malami ya sauka ya bar ni da jirgi
kujerarsa ta fi shi surutu.
Na tashi.
Teku a hagu, shimfiɗe kamar zanen da ba a yanka ba.
Can nesa na nemi Nima.
Kwano ne kan kwano, tsatsa kan tsatsa,
ban ga gidanmu ba.
Babban kwalbati na gane,
wanda nake toshe wa hanci tun ina yarinya,
ga shi yana sheƙi kamar zaren azurfa.

Akwai sharaɗi ɗaya a ƙasan takardar,
da ƙananan baƙaƙe: gwajin ido, duk shekara.
Baba ya kai ni asibitin.
Na karanta allon har layin ƙarshe.
Yana tsaye a bayana.
Da muka fito ya tambaye ni a hankali,
"Layi nawa ne a jiki?"
Na ce takwas.
Ya ce, "Uhm."
Uku ya gani.

A hanyar gida na zuba masa ido.
Yana kauce wa rami tun kafin rami ya bayyana,
yana rage gudu inda makaranta take,
yana sanin Mamobi da ƙanshin kifi.
Garin duk yana cikin kansa,
taswirar da ba malamin da ya duba.

Saura awa ɗari da sittin da tara.
Na lissafa su da sidi, na lissafa su da dala,
yau na lissafa su da idon Baba.

Gobe da asuba ni zan zauna gaba,
in riƙa karanta masa fitilun hanya.
Wannan awar ba a rubuta ta a littafin tashi.