A Gefen Hoton Wani

Ni ne kafaɗar nan da ke gefen hotonka, Alhaji,
rabin kunne, gumi a ƙeya, hannu a kan keke.
Tanimu sunana. Ina tura gajiyayyu tsakanin Safa da Marwa,
bakwai-bakwai, har ƙafa ta manta da mai ita.

An ce ina Jakarta. An ce ina Istanbul.
Wata ta rantse ta gan ni a Gumel, cikin wayar surukarta,
ni da ban taɓa wuce Jidda ba.
Haka na zaga duniya gutsure-gutsure,
ba biza, ba kuɗin jirgi,
ba wanda ya tambayi wane ne wannan.

Jiya wani ya miƙo mini wayarsa mai ido uku.
"Dakata," ya ce, "sai na ɗaga hannu."
Ya ɗaga. Ya lumshe ido. Ya karkace kai.
Na danna.
Ya duba, ya ce Ɗakin bai fito duka ba, a sake.
Sau huɗu muka yi addu'ar nan, ni da shi,
ban ji ya roƙi komai ba.
Ban ce ba a amsa ba, wa ya san cikin wani?
Ni dai riyal biyar na karɓa.

A Shara Mansur, ran da mota ta kaɗe yaron mai shayi,
wayoyi sun fi ashirin da suka fasa kai sama,
hannu biyu kacal suka sauka ƙasa.
Uwarsa tana tankaɗe ta ga takalminsa a wayar maƙwabciya
tun kafin mai kawo labari ya gama ɗaura sallama a bakinsa.

Mu da igamarmu ta mutu ta bar mu da rai
mun iya sunkuyawa.
Da, askar kaɗai muke kauce wa,
yanzu kowane aljihu da nasa idon.

Amma kada in ci amanar gaskiya.
Idon nan ne ya kama ɗan kwangilar da ya mari Barmo,
har ya biya shi wata uku da ya danne.
Kuma na tura wani tsoho, Malam Shekarau,
ƙashi da fata cikin harami,
ya ɗaga waya yana rawar hannu, yana cewa,
"Tabawa, kina gani? Ga shi nan. Ga shi nan fa."
Daga can wani ƙauye, kan tabarma,
na ji tsohuwa ta fashe da kuka.
Na rage sauri. Ranar mutum biyu na tura,
kuɗin ɗaya na karɓa.

Ubana da ƙafa ya zo ƙasar nan.
Shekara bakwai a hanya, uku a gonar auduga a Sudan,
sannan jirgin ruwa daga Sawakin.
Hotonsa ɗaya tak a duniya, manne a wata takarda.
Danshi ya lashe fuskar, ya bar mana hular.
Ina rufe ido in neme shi, hular ce ke zuwa.

Daren jiya Rumasa'u, autata, ta lallaɓo
ina zaune ina jiƙa ƙafa a ruwan gishiri.
Sai ƙyas.
Na ɗaga murya: "Goge shi!"
Ta juyo mini da wayar tana dariya.

Wani dattijo ne a ciki, shi kaɗai, a tsakiya,
da kunnuwansa biyu,
da jijiyar nan da ke tsaye a goshi,
da yadda leɓe ke saki in gajiya ta kai gajiya.

Baba.

Yatsanta na kan kwandon sharar, tana jiran in ce.
Ruwan ya huce a ƙafata.
Na ce, "Kawo in ƙara gani."