Kufan Dutse a Bayan Kanoma

Garmata ta yi ƙara a kan dutse,
na ce ai kowace gona da nata.
Na matsa taku uku, ta sake yi.
Sai da na hau ɗorawa na leƙo ƙasa
na ga abin ya kewaye, kamar awarwaro
da wata ƙatuwar mace ta yar cikin gamba.

Inna Gwamma ta ce kakan kakanta, Anaruwa,
shi ya jera su, ba laka, ba ruwa,
manya a ƙasa, ƙanana a cusa tsakani,
yadda ake zaunar da yara a bakin akushi.
Ƙofa ɗaya ce, tana duban gabas,
faɗinta saniya guda, biyu ba sa wucewa.
Ba sarki ba ne, in ji ta, ko mai unguwa bai taɓa yi ba.
Rumbu huɗu gare shi, shanu tara,
da bakuna masu jiran tuwo.

Na tsallaka ciki.
Ga dutsen niƙa ya lotsa a tsaka,
hannun wata ya cinye shi sannu-sannu.
Ga gindin rumbu, duwatsu shida a tsugune,
har yau suna gardama da gara.
Ga tsingaro, da shatar farce a leɓensa.
Na tona, na tona, ko kan kibiya ban tsinta ba.
Ashe dawa aka tsare a nan,
dawa da barcin yara.

Bana, daren da kukan babura ya taso daga yamma,
ba wanda ya ce mu nufi can,
ƙafa ce ta tuna.
Muka kora awaki ta ƙofar saniya guda,
muka kwanta rub da ciki, gida biyar.
Katangar iyakarta ƙuguna,
na kuma san dutse bai san harsashi ba.
Amma Hantsi, autata,
ta yi matashi da dutsen niƙan nan
ta yi barci har da minshari.

Da gari ya waye, kowa na ƙirga dabbobinsa,
na ga wani dutse ya gangaro gefe,
gansakuka ta rufe masa fuska.
Na ɗaga shi, na juya, na sake juyawa,
sai ya faɗa gurbinsa, daram.
Inna Gwamma ta dube ni, ta kakkaɓe zane,
ta ce, saura na kusa da shi.