Abin da Ƙafa Ta Riƙe

Da safe na zana ta a allo,
lanƙwasa bisa lanƙwasa kamar rawanin da aka cusa a ƙwarya.
Na ce wa yara: nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai,
ko tiyar gero ba ta kai ba,
amma cikin loma biyar da kuka haɗiye
ɗaya tata ce, ko kuna barci.
Ita ke sanar da ku ƙaya ta shiga tafin ƙafa,
ita kuwa ko an yanke ta, ba ta ji.
Suka rubuta. Aka kaɗa ƙararrawa.
Na kakkaɓe alli, na hau kabu-kabu zuwa Birni.

Baba na jingine da dutsen bayan gida,
wanda ya goge da bayansa tun yana saurayi.
Ya ɗago ido ya ce, "Baƙuwa, daga ina?"
Shekara talatin da huɗu yana kirana Tsahara.
Sunan ya tsiyaye masa kamar ruwa a tsagaggen tulu,
a garin da ake kwana gaban famfo ana jiran ɗigo.

Likita ya nuna mini a hoto:
ga ɗan rumbu can ciki, daura da kunne,
inda yau ke kwana kafin ta zama jiya.
Gara ta shiga rumbun.
Bai ce mini komai ba game da ƙeya.

Sai ga Kyari, ɗan yayana, da yashi a gashi,
layun damtse sun saki, baki ya bushe.
An kayar da shi a fili, gaban Damagaram duka.
Ya ce, "Gwaggo, da ganga ta tashi
ƙafata ta zama ta wani.
Ina tunanin inda zan sa hannu,
sai na ga sama."

Na san wannan a littafi.
Tsoro ya fi hankali gudu,
shi ke fara isa, ya ƙulle ƙofa ta ciki.
Abin da jiki ya iya tun tuni,
in ka tsaya ƙirga shi, sai ya harɗe.
Na buɗe baki zan yi darasi.

Baba ya miƙe.
Mutumin da sai an ɗaura masa zariya
ya durƙusa, ya shafi ƙasa, ya murza tafi.
Hannu ɗaya a wuyan yaro,
ƙafa ta zagaya kamar maciji,
Kyari na ƙasa, kaji sun watse.

"Da mutum biyu kake kokawa," in ji Baba,
"wancan, da mai surutu cikin kanka.
Ja numfashi uku, dogaye.
Kar ka dubi idonsa, ido maƙaryaci ne, dubi ƙugu.
Taro ba ya da ƙafa, ba zai taɗe ka ba.
Daren karo ka rufe ido a tabarma,
ka kayar da shi sau goma kana kwance,
sannan ka yi barci.
Barci ne ke ɗinke abin da rana ta yanka."

Ni da takarduna, ban da abin ƙarawa.

Ya koma gindin dutse yana haki.
Ya nuna Kyari da haɓa: "Wannan ɗan wane ne?"
Na zuba masa shayi, na hura.
Ya ce, "Yarinya, yaya sunanki?"
Na faɗa.
Ya juya shi a baki kamar dabino,
ya ce, "Suna mai kyau.
Ina da 'ya mai sunan nan,
tana lakkol, yanzu za ta dawo."

Na zauna kusa da shi, muna jiranta.