Taga a Bayan Shago

Ƙarfe ɗayan dare a Tudun Nufawa.
Janaretan maƙwabta ya yi tari ya mutu,
saura ni da hasken kwamfuta
da sauron da ya haddace idon sawuna.

Gwaggo Tasalla na da rumfa a Kasuwar Barci:
zuma, cittar Kachiya, yajin daddawa a robobi.
Bara na buɗe mata wata a intanet,
rumfa ba tabarma, ba tayi, ba albarka.
Bana so take rumfar ta yi magana da na waje,
da manhajar yaran babur masu kai saƙo,
da shafin Bilhatu mai kayan girki a Barnawa,
da bankin nan da ba ya amsa gaisuwa.
"Ki haɗa su kawai," in ji ta,
kamar mai cewa a miƙo mata gishiri.

Mu a sana'armu API muke ce wa abin.
Ita kuwa na ce mata taga ce a bayan shago:
mai mabuɗi ya zo ya ƙwanƙwasa,
ya tambayi saura nawa, a faɗa masa,
ba ya shiga ciki, ba ya leƙa asusu.
Ta ce, "Ashe dillali ne marar la'ada."
Na bar mata a haka.

Na aika buƙata, aka dawo mini da lamba,
ɗari huɗu da ɗaya,
wato ba mu san ki ba.
Ni da na ɗora tubalin gidan!
Mabuɗin ne ya mutu tun la'asar, ba wanda ya yi mini ta'aziyya.
Na yanko sabo. Ƙofa ta buɗe.

Sai ga zuma a shafin Bilhatu,
kwalba ɗaya, naira dubu ɗari takwas.
Na murza ido. Tana nan.
Shagon Gwaggo da kwabo yake lissafi,
kwabon da rabona da shi tun ina firamare,
shafin can kuma naira kawai ya sani,
kowa ya faɗi gaskiyarsa, aka haifi ƙarya a tsakani.
Da Gwaggo ta gani, da ta ce,
"Ƙudan zuman nan daga Makka suka zo?"
Layi ɗaya na rubuta: a raba da ɗari.

Babana shekara sha tara ya yi a masaƙar Kakuri,
aikinsa ƙulla zare in ya tsinke.
Ba a taɓa buga sunansa a bakin atamfa ba.
Yakan ce ƙulli mai kyau shi ne wanda hannu ya shafa bai ji ba.
Masaƙar ta yi shiru, ciyawa ta cinye ƙofarta,
shi ma ya yi shirunsa.
Ga ni da yatsunsa, gajeru, masu taurin kai,
ina laluben bakin zare biyu cikin duhu.

Ban san lokacin da barci ya sace ni ba.
Wayar Gwaggo ce ta tashe ni, bakwai saura:
"Lantana! Kuɗi sun shigo ina shan koko!
Wata a Sabon Tasha, zuma biyu da citta.
Na san ta ne?"

Ba ki san ta ba, Gwaggo.
Ga yaro can ya ɗaure kwali a bayan babur,
zai bi ta Sitadiyam ya haye kogi,
gadar da wasunmu kan shekara ba su taka ba.
A allona ɗigo ne shuɗi yana rarrafe kudu.
Na bi shi da ido har ya tsallake ruwa,
sannan na tashi neman silifas ɗina,
ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗayan Allah masani.